Tankin Aksolotul: Abin da Masu Kiwonsa Suka Fi Nanatawa

Aksolotul, wata dabbar ruwa dangin kwaɗo mai kama da ƙadangare, ɗan tafkin Sociimilko na ƙasar Meziko, ba ya son zafi ko kaɗan. A nan ne bakin masu kiwonsa ya zo ɗaya: ruwa ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 18, in ya haura 24 sai ya daina ci, cuta ta biyo baya. Wanda ke garin zafi, in ba shi da na'urar sanyaya ruwa da tsayayyar wuta, ni dai ina ganin gara ya haƙura.

Na biyu, kada a yi gaggawa. A haɗa tankin da matatarsa, a bar shi makonni 4 zuwa 8 kafin a kawo dabbar, har ƙwayoyin bakteriya masu narkar da amoniyar kashinsa su zauna, awon amoniyar ya nuna sifiri. Ruwan famfo kuwa sai an cire masa kulorin.

Guda ɗaya na buƙatar tanki mai cin aƙalla lita 75, mai faɗi ya fi mai zurfi. Tsakuwa babu ita a ƙasan tankin, don yana haɗiye ta ta toshe masa hanji. Wasu sun fi son lallausan yashi, wasu gilashi zalla. A sa masa maɓoya, a rage haske, tunda ba shi da fatar ido. Kifi kuma kada ya shiga, yana tsattsage masa gezar gefen kansa da yake numfashi da ita.