Kwalin kaset ɗin Yaya: yaya waƙoƙin Turawa suka iso Damagaram?

Baban Hadiza, Zango

Assalamu alaikum ƴan uwa. A makon jiya muka buɗe ɗakin yayana marigayi, Allah ya jiƙansa, a gidanmu na gado da ke Zango, domin za a gyara rufin kafin damina ta sauka, sai muka iske kwali guda a ƙarƙashin gado cike da kaset. Na ƙirga sun haura sittin. Galibinsu irin waɗanda ake saye babu komai a kai ne, a kai wa mai ɗauka ya cika su, kuma a bayan kowanne Yaya ya rubuta sunayen waƙoƙin da bik yadda kunnensa ya ji su, ba yadda masu su suka rubuta ba. Akwai Boney M da ABBA da Dire Straits da Phil Collins, akwai Maikal Jaksin har guda huɗu, sannan akwai guda ɗaya da bai rubuta wa komai ba sai 1985, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ni a lokacin yaro ne, aikina shi ne a aike ni sayen batir, ko a ba ni bik in naɗe zaren kaset da hannu don kada batir ya ƙare wajen mayar da shi baya. Amma da na ari tsohuwar rikoda na saka na farko, sai na ji bakina yana bin waƙar tun daga farko har ƙarshe, alhali mu Faransanci aka koya mana a lakwal, ba mu san abin da mawaƙin yake faɗa ba. Na daɗe zaune a ɗakin ban iya tashi ba.

Ina roƙon manyanmu da suka ga zamanin su amsa mini abu biyu. Ta wace hanya waɗannan waƙoƙi suka iso garinmu a lokacin da babu intanet, kuma gidan rediyon ƙasa guda ɗaya ne? Sannan shin sun bar mana wani abu, ko kuwa iska ce ta kaɗa ta wuce? Ina so in san abin da zan faɗa wa ƴaƴan Yaya ranar da zan miƙa musu kwalin.

Tsohon Mai Kaset, Kasuwar Dole

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Na yi shekaru ina wannan sana'a, kuma ba mamaki wasu daga cikin kaset ɗin nan hannuna ne ya cika su.

Babbar hanya ita ce Kano. Mukan bi ta Matamai ko ta Magarya, mu sayo kaset na asali guda ɗaya ko biyu a Sabon Gari, mu haɗo da katan-katan na marasa komai, masu minti sittin da masu minti casa'in, mu dawo mu zauna da rikoda mai baki biyu muna juyewa. Saurayi yakan zo da takarda ya ce a sa masa wannan da wannan, shi ya sa za ka ga kaset ɗaya ya haɗa mawaƙan da ba su taɓa haɗuwa a duniya ba. Hanya ta biyu ita ce rediyo mai gajeren zango, musamman bayan da aka buɗe Africa N°1 a Gabon a 1981, wadda ake kamawa tangaram da yamma. Akwai kuma ɗalibai masu dawowa hutu daga Yamai, da fatake masu zuwa Abijan da Kwatano, da malaman Faransawa da ke koyarwa a lise, waɗanda sukan bar wa ɗalibansu faya-fayai idan za su koma gida.

Abin da na lura da shi a teburina shi ne, mutanenmu ba su damu da ƙasar mawaƙi ba. Da yawa sun ɗauka Boney M ƴan Amurka ne, alhali a Jamus aka haɗa ƙungiyar, wani Bajamushe Frank Farian ne ya tsara ta, mawaƙan kuwa asalinsu daga tsibiran Karibiyan suke. "Rivers of Babylon" ta fito a 1978, amma mun yi shekaru muna sayar da ita kamar jiya ta fito. ABBA ƴan Suwidin ne, sun yi suna tun 1974, su ma da Ingilishi suke waƙa. Kiɗan rok mai tsananin ƙara bai samu kasuwa sosai a nan ba. Abin da ake nema shi ne wanda za a taka rawa da shi, ko kuma mai sanyi wanda saurayi zai saka da dare bayan ya dawo daga zance.

Amma gaskiya ɗaya ce: duk waɗannan ba su kama ƙafar Shata da waƙoƙin fina-finan Indiya ba wajen ciniki. Waƙoƙin Turawa na ƴan lakwal ne da ƙananan ma'aikata. Kaset ɗin Maikal Jaksin mai suna "Thriller" ya fito a ƙarshen 1982, yana cikin tashe ke nan a wurinmu sai Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Afrilun 1984, kaset ya yi tsada, muka koma juye kwafi daga kwafi har sauti ya dushe.

Malama Mai Ritaya, Birni

Baban Hadiza, ina yi maka ta'aziyya, ko da an daɗe. Tun kafin ka saka kaset ɗin nan na 1985, zuciyata ta ba ni abin da ke ciki, domin duk wanda ya yi wayo a shekarar nan a ƙasar Damagaram ba zai rubuta ta ya ja layi biyu a banza ba.

Shekarar El Buhari ke nan. Daminar 1984 ba ta yi ba, gero ya ƙone a gona, iyaka kuma a rufe, shi ya sa talakawa suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Najeriya na lokacin. Ina sabuwar malama a lokacin. Na ga mutanen Damargu da makiyayan arewa sun sauko bakin gari bayan dabbobinsu sun ƙare, na ga mata suna bin gida-gida neman dussa, kuma a ajina akwai yaran da sukan kwantar da kai a kan tebur tun kafin ƙarfe goma, ba don barci ba. A cikin wannan hali ne "We Are the World" ta iso mana. Maikal Jaksin da Lionel Richie ne suka rubuta ta, Quincy Jones ya tsara, aka ɗauke ta a daren 28 ga Janairun 1985 da manyan mawaƙan Amurka fiye da arba'in, don tara kuɗin agaji saboda yunwar da ta fi tsanani a Habasha. A ranar 13 ga Yulin shekarar kuma aka yi babban wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya a rana guda.

Har yau zuciyata biyu ce game da waƙar nan. A gefe guda, na tuna daren da muka taru a gidan maƙwabta masu talabijin muka ga Ray Charles da Stevie Wonder, makafi biyu, suna rera ta da iyakar ƙarfinsu, wani ɗalibi yana fassara mana, har wata tsohuwa ta ce ashe can ma an san muna cikin wahala. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai jin yunwa. A ɗaya gefen kuma, Habasha ce a bakin kowa, mu da Mali da Cadi ba a cika ambatonmu ba, kuma ƙorafin da aka yi ta yi daga baya shi ne mawaƙan Afirka ba su samu wuri a dandalin Live Aid ba, kamar dai a yi taron suna babu mai jego. Mutane kaɗan ne suka san cewa Manu Dibango na Kamaru ya tara mawaƙan Afirka a Paris, cikinsu har da Salif Keita da Mory Kanté, suka yi tasu waƙar agajin mai suna "Tam Tam pour l'Éthiopie". Ban taɓa jin wani saurayi a unguwarmu ya saka ta ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Saboda haka idan ka tambaye ni abin da suka bar mana, ni dai sun bar mini kalanda. Ba na iya jin waƙar nan ban ji warin jar dawar agaji tana dahuwa ba.

Ɗan Jita, Sabon Gari

Ina gaishe ku iyayena. Ni ba a haife ni ba a lokacin, amma na yi shekaru uku a Agadas ina koyon jita, kuma ina ganin amsar tambaya ta biyu tana can. Kawu Mai Kaset ya ce kiɗan rok bai yi kasuwa a Dole ba, na yarda, amma a arewa ya faɗa a ƙasa mai kyau. Bombino, makaɗin jita Buzu ɗan Nijar wanda aka haifa a 1980, ya sha faɗa cewa a zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits yana kwaikwayon yatsunsu. Duk wanda ya saurari "Sultans of Swing" ta 1978, inda Knopfler yake kaɗa jita da yatsu ba tare da tsinke ba, sautin yana fita garau babu hayaniya, zai gane dalilin da ya sa kunnen Buzaye ya karɓe shi. Mdou Moctar kuwa, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya fito a wani fim na 2015 da aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan "Purple Rain" na Prince na 1984. Yau waɗannan mutane biyu suna cika dandali a Amurka da Turai da sunan Nijar.

Kuma kada mu ɗauka hanyar ta tafiya ɗaya ce. Amshin da ke ƙarshen waƙar farko ta "Thriller" daga "Soul Makossa" ta Manu Dibango aka ɗauko shi, wadda ta fito tun 1972, har sai da maganar ta kai ga ƙara aka sasanta da biyan kuɗi. "Jingo" da Santana ya yi suna da ita a 1969 ta Babatunde Olatunji ce, makaɗin Najeriya. Ina ganin shi ya sa bakin Baban Hadiza ya riƙe waƙoƙin ba tare da ya san kalmomin ba: a cikin kiɗan akwai abin da kunnensa ya riga ya sani.

Alhaji na Garin Malam

Ɗana Ɗan Jita, ka yi magana mai ma'ana, amma ka ba Turawa kaso fiye da nasu. Kiɗan jitar Buzaye yana da uwa da uba tun kafin kaset ɗin Dire Straits ya iso: akwai tende na mata, akwai takamba, akwai Ali Farka Touré, akwai Tinariwen da suka haɗu a zaman gudun hijira suna waƙar ƙasarsu. Knopfler gishiri ne aka ƙara a miyar da ta riga ta dahu.

Ni ma na saurari waɗannan waƙoƙi, na sa wando mai faɗin ƙafa, mahaifina ya yi mini faɗa a kai, kuma ba na jin kunyar cewa har gobe ina son muryar Phil Collins. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Duk waƙar da ke cikin kwalin nan, jikana zai nemo mini ita a wayarsa kafin shayi ya tafasa, da sauti mai kyau fiye da na kaset. To, a ce masa ya nemo waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo cikakku, ko wasannin da ƙungiyoyin samariya suka yi a zamanin Seyni Kountché, ko kiɗan ƴan orkestan garin nan da suka riƙa juya salon Turawa da na Kwango zuwa Hausa a wuraren biki. Kaɗan zai samu, sauran suna cikin kwalaye irin na yayanka, zafi da ƙura suna cin su.

Don haka, Baban Hadiza, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a bayan kaset. A zamanin da iyaka take rufe, kaset marar komai ya yi wuya, mutane sukan toshe ramin saman kaset da takarda su ɗauki sabon abu a kan tsoho. Ka saurari kowanne, gaba da baya, har ƙarshen zare.

Baban Hadiza, Zango

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, zuciyarki ba ta yi ƙarya ba. Jiya bayan isha'i na saka na 1985, kuma waƙar da kika ambata ce a fuskar farko, an ɗauko ta daga rediyo, da shuwar gajeren zango da muryar mai gabatarwa da Faransanci ta hau kan farkonta. Sau uku Yaya ya ɗauke ta a jere, ina jin yana neman wadda ta fi fita ne.

Alhaji, na bi shawararka na juya. Fuska ta biyu ta fara da ABBA, amma bayan kamar minti biyu sai waƙar ta yanke, kakaki da algaita suka shigo, da hayaniyar dawaki da ta jama'a, da alama hawan salla ne a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Daga nan sai aka koma cikin gida. Ana jin tabarya, ana jin Yaya yana cewa kowa ya zo ya faɗi sunansa, ƙannena suna dariya suna ture juna, sannan muryar Inna, wadda rabona da jin ta shekara goma sha tara ke nan, tana cewa a kashe abin nan a zo a ci tuwo tun da sauran zafi, domin ba kullum ake samu ba. Daidai nan zaren ya fara ja, na yi sauri na kashe.

Yaya Mai Kaset, yaya zan yi in ceto shi in mayar da shi cikin kwamfuta ba tare da ya tsinke ba?

Tsohon Mai Kaset, Kasuwar Dole

Kada ka sake saka shi a wannan rikodar, ƙanena, domin robar da ke jan zaren ta bushe, ita ce za ta tauna maka shi. Ka naɗe shi da bik a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ka mayar, sau biyu, don zaren ya saki jikinsa, sannan ka duba ko ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren yana nan a manne. Ka ajiye kwalin a ɗaki mai sanyi, nesa da rana da lasifika. Ina da rikodar da na canza wa bel, ɗana kuma yana da wayar da ake haɗa ta da kwamfuta. Ranar Alhamis kasuwa take ci, ba za mu samu natsuwa ba, saboda haka ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka taho da kwalin gaba ɗaya, ka kuma taho da babban ɗan marigayi.