Shaƙewa, sakin totur ko jan linzami: me za mu kira abin da furosesa ke yi in ta ɗau zafi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar kwamfuta, manya da ƙanana.

Akwai abin da kowane mai gyara ya sani da ido, amma da zarar zai yi wa mai kaya bayani sai bakinsa ya koma Turanci. Kwamfuta na tsaka da aiki mai nauyi, ana fitar da bidiyo ko ana harhaɗa manhaja, fanka na ta ƙugi, sai gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke yin lissafi, ya faɗo daga gigahaz 4 zuwa 2 da 'yan kai. Ba ta mutu ba, ba ta kuma sandare ba, aikin dai ya koma tafiyar hawainiya. Turawa na ce wa wannan thermal throttling. Shawarwari sun shigo da dama a kan sunan da za mu ba shi, kuma na tsaya a kan guda. Amma sai mun fara sanin abin da ke faruwa a ciki, don kalmar da aka raɗa wa abin da ba a fahimta ba takan ɓatar da mai jinta.

Maganar ta taso ne daga wajen masu Hackintosh, wato waɗanda ke ɗora babbar manhajar Apple, macOS, a kan kwamfutar da ba Apple ya ƙera ba. Ƙofar ta buɗe ne tun da Apple ya sanar a 2005 cewa zai koma amfani da furosesar Intel, ya kuma fara sayar da irin waɗannan Mac ɗin a 2006. Lasisin macOS bai yarda a ɗora ta a wani wuri ba sai a kan kayan Apple, saboda haka wanda ya bi wannan hanya ya sani ba shi da kamfanin da zai kai wa ƙorafi. Mutane dai na yi, galibi don manhajojin Apple irin su Final Cut Pro, Logic Pro ko Xcode, waɗanda ba sa aiki a kan Windows.

A cikin Mac na gaske mai Intel akwai wani ɗan guntun lantarki da ake kira SMC. Shi ke kula da fanka, da batir, da labarin zafi, kuma wajensa macOS ke zuwa tambaya. Kwamfutar HP ko Lenovo ko wadda ka harhaɗa da hannunka ba ta da shi. Sai aka rubuta 'yar manhajar da ke kwaikwayonsa, da fari FakeSMC, daga baya VirtualSMC na ƙungiyar Acidanthera, masu OpenCore, manhajar da ke tayar da macOS a kan irin waɗannan kwamfutoci. In babu ɗaya daga cikinsu macOS ba za ta ma tashi ba. To amma shi VirtualSMC kaɗai ba ya kawo labarin zafi. Sai ka haɗa masa da SMCProcessor don zafin furosesar Intel, da SMCSuperIO don gudun fanka, masu furosesar AMD kuma su nemi SMCAMDProcessor. Wanda ya manta da waɗannan zai buɗe iStat Menus, manhajar da ke nuna zafi, ya tarar da gurbin zafin furosesa wayam, alhali in ya kai tafin hannu bakin ramin iska sai ya janye da sauri.

Ko lambar ta fito ma, a san yadda aka same ta. Sansar da ke auna zafi a cikin furosesar Intel ba ta cewa "zafi ya kai digiri 70". Abin da take faɗa shi ne saura digiri nawa a kai maƙura. Maƙurar nan, wadda Intel ke kira TjMax, digiri 100 ce a yawancin furosesocinsa. In sansa ta ce saura 30, manhaja ce ke yin lissafi ta nuna maka 70. Da manhajar za ta ɗauka maƙurar 105 ce, 75 za ka gani, kuma babu abin da ya canja a jikin ƙarfen. A ɓangaren AMD ma an ga irin wannan: Ryzen 7 1700X da 1800X na 2017 suna ba da lambar da aka ɗora wa digiri 20 da gangan don fanka ta riƙa tashi da wuri, manhajar da ba ta cire wannan ƙari ba sai ta tayar wa mutum da hankali a banza.

Abin da nake so mu riƙe shi ne wannan: ko lamba ta fito daidai, ko ta fito karkace, ko ba ta fito ba sam, furosesa za ta kare kanta. Ba ta jiran izinin macOS ko Windows. A cikinta akwai wani sashe dabam da aikinsa ke nan, tun zamanin Pentium 4 da ta fito a 2000. Da zarar ratar da ke tsakanin zafinta da maƙura ta ƙare, sai ya sauko da gudu da ƙarfin wutar da take sha har zafin ya lafa. In hakan bai wadatar ba, zafin ya ci gaba da hawa, sai ya yanke wutar gaba ɗaya kwamfuta ta mutu ɗif. Wancan matakin na farko muke nema wa suna.

Kalmar da ta fi yawan masu goyon baya ita ce shaƙewa, wasu kuma suka ce maƙurewa, don a cewarsu haka kalmar Turancin take nufi tun asali. Gaskiya ne. Amma ni ban yarda da ita ba, kuma dalilina na bakin shago ne. Ka ce wa mai kaya "Alhaji, kwamfutarka ta shaƙe", me zai ji? Zai ji ta cika maƙil, ya koma gida ya hau goge hotunan bikin 'yarsa don ya sama mata wuri. Wani kuma zai ji an toshe mata hanyar iska, wanda wani lokacin shi ne sanadin, amma ba shi ne abin da muke magana a kai ba. Sannan shaƙewa cuta ce da ake yi wa abu, wanda aka shaƙe neman ceto yake. Nan kuwa abin da ke faruwa shi ne ceton. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin akwai manhajojin da ke iya taɓa waɗannan matakan kariya, kuma yaron shago da aka koya wa cewa furosesa "ta shaƙe" zai ga ya yi taimako in ya "kwance" ta.

Wani malaminmu mai koyar da kimiyyar kwamfuta ya ce a bar shi a fili kawai: rage gudu saboda zafi. Malam, wannan bayani ne mai kyau, kuma da shi za mu fassara kalmar a ƙamus. Inda na tsaya shi ne furosesa na rage gudu dare da rana ba tare da zafi ba. In ba ta da aiki, ta Intel kan sauko har wajen megahaz 800 don tsimin wuta. Masu Hackintosh sun fi kowa sanin wannan, don sai sun gyara mata ɗan fayil ɗin nan SSDT-PLUG kafin macOS ta iya hawa da sauka da gudun yadda ya kamata. In duka biyun "rage gudu" ne, to mai neman taimako zai rubuto "kwamfutata na rage gudu", mu kasa sanin lafiya ce ko matsala.

Sai shawarar da ta fi tsaya mini a rai, wadda wani dattijo bakanike ya kawo. Ya ce: ku yaran nan kuna wahalar da kanku, kalmar ai tana garejinmu tun kafin a haife ku, totur ke nan, ku ce sakin totur. Baba, Allah ya ƙara girma, kalmarka ta gida ce, duk ɗan acaɓa da mai Keke Napep ya san ta, kuma tushenta ɗaya da ta Turancin. Amma a duba wannan. Wanda ya saki totur shi ne ba ya son gudun, ya iso kwana ko ya iso gida. A namu lamarin kuwa totur a murɗe yake har ƙarshe. Manhajar tace bidiyo na neman duk ƙarfin da ke akwai, furosesa na da ƙarfin, amma an hana ta bayarwa. Don haka ni a ganina kalmar Baba ta samu gurbinta a wancan ɗaya abin, saukowar da furosesa ke yi in aiki ya ƙare. "Ta saki totur, tana kan megahaz 800." Ban ga abin gyarawa a wannan jimla ba.

Taka birki ma an kawo, sai dai birki tsayawa yake nufi a kunnen mutane. Wata 'yar'uwa ta ce numfasawa. Kalma ce mai daɗi, ƙanwata, amma mai numfasawa ya ajiye aikin ne na ɗan lokaci, ita kuwa furosesa tana ci gaba da yi.

Wadda na tsaya a kai ita ce jan linzami. Dokin da aka ja wa linzami da ƙarfinsa, yana ma son ya zabura, ba a tsayar da shi ba, an dai ƙayyade masa gudu don kada ya kai kansa da mahayinsa ga halaka. Da an sassauta kuma zai koma sukuwa. Abin da za ka gani ke nan in ka buɗe Intel Power Gadget, manhajar da ke zana layin zafi da na gudu, wadda Intel ya daina kula da ita amma tana nan a kwamfutoci da yawa: layin zafi ya hau ya manne a 100, layin gudu ya faɗo, zafi ya ɗan sauka, gudu ya sake ɗagawa, haka dai sama da ƙasa kamar haƙoran zarto har aikin ya ƙare. Ja, saki, ja, saki.

Malam ya yi gyara a nan, ya ce linzami sai da mahayi, wa ke jan na furosesa? Tambayar ta ƙara mini ƙarfin gwiwa ne. Mahayin shi ne wancan sashe mai gadin zafi, wanda dabam yake da sassan da ke lissafi. Kuma ba shi kaɗai ke iya ja ba. Siginar da ake kira PROCHOT tana iya fitowa daga allon kwamfutar ta shiga furosesa, in wani ɓangare ne ya yi zafi, kamar masu daidaita wuta. Wasu laftof ma in ba su gane cajar da aka sa musu ba sai su riƙe furosesa a ƙaramin gudu, jikinsu kuwa sanyi ƙalau. Wanda ya sayi laftof na hannu da cajar da ba tata ba ya san zancen. A nan ne kalmar ta nuna amfaninta, don tana karɓar ƙari ba tare da an tilasta mata ba: jan linzamin zafi, jan linzamin wuta. Shaƙewar wuta fa? Ba ta zauna ba.

Masu cewa yaran birni ba su san doki ba, kalmar ai ta daɗe da shiga harkar fasaha. Kullum a labarai muna jin makamai masu linzami, ba wanda ya taɓa tambayar ina dokin. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ƙara da cewa a wajensu, inda ake koyon sana'ar da Faransanci, bridage suke ji ana faɗa in an ƙayyade wa inji ko furosesa gudu, kuma tushenta linzamin doki ne. Ba don haka na zaɓe ta ba, amma alheri ne kalma ɗaya ta zauna daidai a Kano da Damagaram.

Mu gwada ta a kan labarin da ya faru. A Yulin 2018 Apple ya fitar da MacBook Pro mai Core i9, masu gwaji suka tarar a aiki mai nauyi tana jan linzami har ta sauko ƙasa da gudun da aka tallata ta da shi. Apple ya amsa cewa akwai kuskure a manhajar da ke kula da zafi, ya fitar da gyara a cikin watan. Kun ga jimlar ta tafi sumul, ba a nemi taimakon Turanci ba. Ta kuma nuna cewa ba matsalar Hackintosh kaɗai ba ce. Masu tsofaffin laftof da aka tura wa Windows 11 ta bayan gida, don ba su da guntun tsaro na TPM 2.0 ko furosesarsu ba ta kai zubi na 8 a jerin Intel ba, su ma za su buƙaci kalmar, sai dai su HWiNFO ko Core Temp na karanta musu zafi ba tare da wahalar SMC ba.

Mu nan muna da dalilin da ya fi na kowa na damuwa da wannan. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ta cikin ƙarfe. Injin da aka gwada a ɗakin da ke digiri 22, in ka kawo shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, iska ta haura 40, ba wuta balle na'urar sanyaya ɗaki, to kusan digiri 20 na ratarsa ta tafi tun bai fara aiki ba. Ga ƙurar hunturu da ke yin dam a bayan fanka kamar an shimfiɗa auduga. Shi ya sa in mutum ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, kafin a ce a yi mata fomatin, a sa ta aiki a dubi lambobi biyu tare, zafi da gudu. In zafi na maƙura gudu na faɗuwa, jan linzamin zafi ne: a buɗe a share ƙura, a canja man nan mai toka-toka da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a ɗaga laftof daga kan katifa. In gudu na ƙasa zafi kuma bai kai ko'ina ba, a dubi caja da saitin wuta.

Sauran kalmomin da na yi ta amfani da su a sama, na bar su ne yadda bakin mutane ya riga ya saba. Sansa ta makanikai ce, ban ga dalilin korarta ba. An kawo majiyi, amma tana karo da majiya ta 'yan jarida. Maƙurar zafi na sa wa TjMax, rata kuma ga abin da ya rage kafin a kai ta.

Wanda bai zauna mini ba har yanzu shi ne wancan ƙarfe mai tsaga-tsaga da bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafi daga furosesa ya kai bakin fanka. Na kira shi ƙarfen sanyaya don in wuce wurin. Baba ya ce lagireto ne, kuma a kwamfutocin da ake sanyaya su da ruwa lagireton ne sak. Amma na laftof ba a zuba masa ruwa, ina tsoron kada sunan ya sa wani ya gwada. Masu gyara na Beirut Road da Farm Centre a Kano, me kuke ce masa in kuna aiken yaro ya ɗauko?