Idan gari ya yanke shawarar yin sulhu da 'yan daji, me ake rubutawa kafin a tashi daga zama?

Bajibiye:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar sasanci. Jiharmu ta Katsina ta ga sulhu ba sau ɗaya ba. An yi na farkon 2017 a Ƙanƙara, aka yi na Satumbar 2019 da Gwamna Masari ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji da kansa, zuwa tsakiyar 2020 gwamnati ta ce ta janye. Daga 2025 kuma al'umma ce ke zama da kanta, Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa da sauransu. Ba ina tambayar ko ya dace ko bai dace ba, wannan an sha muhawara a kai. Idan gari ya riga ya ce zai zauna, da me ake farawa, me ake rubutawa, kuma a ina yake yawan ɓallewa?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, zaman da ake ɗauka a waya, da rumfa da jawabai, shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Kafin a kai nan sai an san da wa ake magana. Mutanen dajin Rugu ba ƙungiya ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya, daba-daba ce, kowane kachalla, wato shugaban daba, da yaransa da yankin da yake iko. Don haka takarda ta farko ita ce ta sunaye: wane ne ke riƙe da wace daba, waɗanne ƙauyuka da hanyoyi ne ke ƙarƙashinsa, wa ke bi masa idan ba ya nan. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Zamfara ta ɗaura sulhunta na ƙarshen 2016 a kan Buharin Daji, babban shugaban 'yan bindigar dajinta, da aka kashe shi a Maris 2018 babu wanda ya gaji alkawarin. Kowane kachalla ya ɗauki nauyin yankinsa da sunansa, na biyunsa ma ya sa hannu.

Mai shiga tsakani kuma kada ya zama wanda ke samun wani abu duk lokacin da aka sako mutum. Wanda abincinsa ke cikin kai kuɗin fansa ba zai so a daina kamawa ba.

Sai tsagaita wuta na gajeren lokaci, kamar kwana 30 da za a iya sabuntawa. Kada a rubuta "za a zauna lafiya", wannan ba sharaɗi ba ne. A lissafa abin da aka hana ɗaya bayan ɗaya: kai hari, korar dabbobi, garkuwa, tare hanya, karɓar harajin noma ko na girbi, tilasta wa mutane aiki a gonar ɗan bindiga. Ɓangaren gari ma a lissafa nasu: ba kama Bafulatani a kasuwa don kamanninsa, ba ƙwace babur ko saniya ba tare da an kai gaban hukuma ba, ba kisa. A cikin kwanakin nan ne ake sako waɗanda ke hannu, ba fansa, da jerin sunaye daga dagatai, a fara da mata da yara da marasa lafiya. Kasuwa da hanya su biyo baya, kuma a faɗi inda ake ajiye bindiga kafin a shigo.

Amma inda sulhu ke mutuwa shi ne ranar da aka fara saɓa shi, kuma tabbas za a saɓa. Wani yaro zai kori shanu biyar da dare. Idan ba a tanadi abin yi ba, hanya biyu ce ta rage: a yi shiru, gobe a kori hamsin, ko 'yan sa-kai su rama a kan rugar da ta fi kusa. Maganin shi ne kwamitin ƙorafi ƙarami, mutum bakwai zuwa tara: biyu daga gari, biyu daga daji, ardo, liman, wakilin hakimi, da jami'in tsaro. A rubuta lambobin wayarsu a kafe a masallacin Juma'a da ofishin dagaci. Ƙorafi ya isa cikin awa 24, tun sawu bai ɓace ba. A bi sawun tare. Dabar da sawu ya shiga tana da kwana uku ta dawo da dabbobi ko ta biya a farashin kasuwa. Idan kachalla ya ce ba yaransa ba ne, shi zai nuna inda sawun ya fita daga yankinsa.

Hukunci kuma ya zama mataki-mataki. Saɓon farko, biya. Na biyu, a hana wannan dabar kaɗai shiga kasuwa ci biyu. Na uku, a cire ta daga sulhun a sanar da jami'an tsaro. Kada laifin daba ɗaya ya rufe kasuwa ga kowa, yin haka haɗa musu kai ne.

Na Bakin Rugu:

Yallabai Akawu ya yi bayani, sai dai ya tsallake bindiga, ita ce kuwa uwar tafiyar.

Abin da ake jibgewa a gaban manyan baƙi yawanci harba-ka-ruga ce da bindigogin da suka lalace, masu kyan suna rataye a kafaɗar yaran da suka raka maigidansu wurin zaman. Ko an miƙa masu kyau ma ba shi ke nan ba. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, ya miƙa bindigogi a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can aka kashe shi. Ba wanda ya san adadin abin da ya bari a baya, don ba a ƙidaya tun farko ba.

Yadda ake yi a inda abin ya yi aiki: a fara da ƙidaya, mutum nawa, bindiga nawa, wace iri. Kowace bindiga a rubuta lambar da ke jikinta, masani ya gwada ta ya tabbatar tana tashi, a lissafa gidan harsashi da harsashin daban. Wanda ya kawo bindiga ba harsashi bai miƙa komai ba. A karɓa kashi-kashi, kowane kashi a ɗaure shi da wani abu da ɓangaren hukuma zai cika. A Kolombiya, bayan yarjejeniyar 2016, jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka karɓi makaman 'yan tawayen FARC suka kulle a kwantena, sama da bindiga 7,000 zuwa tsakiyar 2017. A Ireland ta Arewa an sa hannu a 1998, amma sai 2005 aka tabbatar ƙungiyar mayaƙan IRA ta gama lalata nata makaman. Wato mai cewa a miƙa komai ranar farko bai san abin ba, mai cewa a bar maganar gaba ɗaya kuma ya fi shi kuskure.

Abu biyu da ba a yi. Ba a sayen bindiga da tsabar kuɗi, domin a yankin da ke kan iyaka kamar namu kasuwa ka buɗe: ya sayar maka da tsohuwa ya sayo sabuwa. Kuma ba a kai abin da aka karɓa ɗakin ajiya a manta, a lalata shi a bainar jama'a. Maƙwabtanmu na Nijar sun sa hannu da 'yan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilun 1995, suka ƙona makamai a Agadas a shekarar 2000, kowa yana gani.

Ana yawan kawo misalin afuwar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta 2009 a Neja Delta. Can akwai wa'adin kwana 60 da ya ƙare ranar 4 ga Oktoba, akwai rajista, akwai alawus na naira 65,000 a wata da koyon sana'a, kuma gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyi. Kwamitin gari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake iya samu gaskiya shi ne taƙaita yawo da makami, ba ƙwace shi ba, kuma gara a faɗa wa mutane haka.

Sharaɗin da na fi ganin ana mantawa: maƙwabta. Idan ba a rubuta ba, garin da ya yi sulhu sai ya zama wurin hutawa da sayen mai da abinci, a je a kai hari ƙaramar hukumar da ba ta yi ba, a dawo. A rubuta ƙarara cewa ba a ratsawa ta yankin da makami zuwa wani gari, ba a ajiye wanda aka kamo daga wani wuri, ba a sayar da dabbar da ba ta da shaidar sarkin zango ko dillalin da aka sani. Man fetur a jarka kuma a sa masa iyaka. Dokar gwamnatin Katsina ta 2021 da ta hana sayar da shi a jarka, ta kuma rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme ta nuna inda jijiyar take, ko da yake talaka ma ya ji a jikinsa.

Almajirin Gobarau:

Allah ya saka wa manya. Ƙari biyu, ɗaya na fiƙihu ɗaya na doka.

Ana yawan ambaton Hudaibiyya a wurin zama, amma ba a cika duba yadda ta kasance ba. An rubuta ta, an sa mata wa'adin shekara goma, an ba kowace ƙabila damar shiga ƙarƙashin ɓangaren da take so. Abin da ya warware ta kuwa harin da Banu Bakar, ƙawayen Ƙuraishawa, suka kai wa Khuza'a, ƙawayen Musulmi, ne. Ke nan maganar "ba yarana ba ne, baƙi ne suka zo" tsohuwa ce, kuma wanda ya ba baƙo masauki da makami yana ɗauke da laifinsa. A sa wannan a takarda.

Na biyu, aya ta 34 a Suratul Ma'ida ta yi rangwame ga ɗan fashin da ya tuba kafin a ci ƙarfinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke faɗuwa shi ne haddi, haƙƙin Allah. Haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan. Hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba, sai magada. Saboda haka a buɗe rajistar waɗanda aka kashe da abin da aka kora, gunduma-gunduma, har da Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe ba da haƙƙi ba. Ko ba a iya biyan cikakkiyar diyya ba, a zauna da magada su faɗi abin da suka yarda da shi da bakinsu.

Ta fuskar doka, kada kwamiti ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna ikon afuwa a laifin dokar jiha ne kawai. Ta'addanci da mallakar makami ba izini na tarayya ne, afuwarsu tana hannun shugaban ƙasa a sashe na 175, kuma tun Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana waɗannan ƙungiyoyi a matsayin 'yan ta'adda. Idan aka ce wa mutum "ba mai taɓa ka", soja suka kama shi a hanya, zai ce an ci amanarsa, alhali tun farko ba mai ikon ba ne ya yi alkawarin.

Uwar Marayu, Daura:

Allah gafarta Malam, batun magada ya yi daidai, sai dai yawancinsu mata ne, kuma ba za su yi magana a rumfar da wanda ya kashe mazajensu ke zaune da bindiga ba. A yi musu zama daban a cikin gida, mata biyu ko uku da aka yarda da su su rubuta, su kai wa kwamiti. Abin da aka yi wa matan da aka tsare a daji ba ya fitowa sai ta wannan hanyar, kuma su ne suka fi sanin wanda ke kai rahoto daga cikin gari.

Ina da ja da kwana 30 ɗin Alhaji Akawu. A ɗaura wa'adin da shekarar noma. Lokaci biyu ne masu haɗari: faɗuwar damina, sa'ad da ake shuka a kan burtali, da kaka, sa'ad da shanu ke saukowa amfani bai gama barin gona ba. Sabunta sulhu ya faɗo kafin waɗannan, ba a tsakiyarsu ba. Kafin ruwan farko a bi burtali da mashaya ƙafa da ƙafa, da dagaci da ardo da ma'aikacin gandun daji, a kafa alama ta siminti. Dokar wuraren kiwo ta Arewa tun 1965 take, amma da yawa an nome su, wasu ma da takardar hukuma, don haka wanda za a tayar a ba shi wa'adin girbi ɗaya. A sa ranar sakin dabbobi cikin gonaki, a yi shela a kasuwa. Ɓarna kuma mutum uku su kimanta ta a ranar, da damin da aka yi asara, ba da fushin mai gona ba.

Sannan waɗanda suka gudu Katsina ko Maraɗi za su dawo su tarar wani na noma gonarsu. Wannan ma a yanke shi tun yanzu: mai gona ya karɓi abinsa, wanda ya shuka ya kwashe amfanin bana.

Bajibiye:

Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: ta yaya za a gane yana aiki, ba shiru ne kawai na ɗan lokaci ba?

Tsohon Akawu:

Hajiya ta fi ni gaskiya a kan wa'adi, a bi nata.

Kada a auna da rashin hari kaɗai, don wanda ake biya haraji ma ba ya kai hari. A tambayi manoma a keɓe ko sun ba da wani abu kafin su shiga gona. A duba gonakin nesa, waɗanda suka wuce tafiyar awa ɗaya daga gari, ko an nome su bana. A duba ko mutanen ƙauye na kwana a gidajensu ko har yanzu da la'asar suke tahowa cikin gari. A duba ko malaman firamare da ma'aikatan asibiti sun koma. Sai littafin kwamiti: ƙorafi nawa ya shigo a wata, nawa aka warware cikin kwana ukun, dabba nawa ta dawo. Littafin da ba komai a cikinsa ba alamar lafiya ba ce, yawanci mutane ne ke tsoron kai ƙara. A karanta shi a bainar jama'a duk ƙarshen wata, a aika kwafi ga hakimi da kwamitin ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka, su ma su aiko da nasu.