Gado na huɗu

Sanusi Ƙofar Marusa: Jama'a, abin nan ya tsaya mini a rai. Sati uku ke nan da yanke wa Baba ƙafar dama saboda ciwon suga, mutumin da ya shekara talatin yana taka keken ɗinki. Ciwon yana warkewa, amma kullum ƙafar na cikin bargo, in ana wankin ciwo sai ya juya fuska bango. Jiya ya ce mini, "Sanusi, ni yanzu mene ne?" A ɗakin asibitin kuma ba mai kiran sunansa, sai "gado na huɗu, miƙo hannu." Masu jinyar nan ciwo kawai suke gani, ba sa ganin mutum.

Nas Hadiza: Allah ya ba Baba lafiya. Amma kai ne mai jinya, mai kwana kan tabarma gefen gado. Mu ma'aikatan jinya ne.

Sanusi: Anti, ai kin gane nufina.

Malam Lawal: Ta fi ka gaskiya. Majinyaci daban, mai jinya daban, ma'aikacin jinya daban.

Bashir Daura: Mu nan nas muke cewa, ba mu da wannan dogon Turanci.

Malam Lawal: Wace Hausa Badauri zai koya wa Bakatsine?

Bashir Daura: Daga ina Hausar ta taso, Malam?

Rabi: Don Allah ku saurara. Ana koya mana wannan a makarantar koyon aikin jinya: yadda mutum yake kallon jikinsa, da darajarsa, da matsayinsa a gida. Tela ya rasa ƙafar taka keke, ai sana'arsa da girmansa na maigida duk sun taɓu, shi ya sa wani ke ƙin abinci da magani. Ku duba masu yoyon fitsari da ake kaiwa asibitin Babbar Ruga a Katsina. Mace an guje ta saboda zarni, ɗinki kaɗai bai mayar mata da kanta, sai an zauna kusa da ita an kira sunanta.

Nas Hadiza: Ƙanwata, ki yi aikin dare ke kaɗai da ɗaki cike tukuna.

Rabi: Kiran suna minti nawa yake ci, Anti?

Bashir Daura: Malam bai ba ni amsa ba fa.

Alhaji Mannir, shugaban zaure: To, na karanta duka. An tabbatar Sanusi ya yi kuskuren kalma, kuma ma'aikatan jinya na iya bakin ƙoƙarinsu, ni shaida ne, uwargidana shekararta goma sha biyu tana aikin. Dangi ne ya kamata su lallashi Baba. Rabi kuma ta riƙa girmama na gaba da ita. Na rufe maganar.