Shin dole ne a sake rubuta tsofaffin manhajoji kafin ƙaura zuwa bit 64 a z/OS, tsarin aikin manyan kwamfutocin IBM?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. An damƙa mini kula da wasu manhajojin Assembler (harshen rubuta manhaja mai kusa da na inji) da aka rubuta tun zamanin OS/390, tsarin da z/OS ya gada, kuma bayanan da suke riƙewa a ƙwaƙwalwa sun kusa cika gigabayit 2. Shin sai an sake rubuta su gaba ɗaya? Kuma me ya sa iyakar ta tsaya a bit 31 maimakon 32?

Tsohon ma'aikaci:
Wa alaikumus salam. Injin IBM System/360 na shekarar 1964 yana amfani da bit 24 ne wajen adireshin ƙwaƙwalwa, wato megabayit 16, shi ya sa masu rubuta manhaja suka saba ɓoye alamomi a bayit ɗin sama da ya rage. Da tsarin 370-XA ya zo a 1983, sai IBM ta keɓe bit ɗaya na can sama domin ya nuna yanayin adireshi, saura 31, wato gigabayit 2. Injin z900 na shekarar 2000 ya kawo bit 64, z/OS ya biyo baya a 2001, kuma har yau manhajojin AMODE (yanayin adireshi) 24 da 31 da 64 suna gudana tare. Shawarata ita ce ka bar mafi yawansu yadda suke, ka taɓa waɗanda ke ɗauke da manyan bayanai kaɗai.

Injiniya:
Na yarda da Malam, amma haɗarin yana inda tsoho da sabo suke kiran juna. Umarnin L, mai ɗora bayani a rajista (ƙaramar ma'ajiyar cikin inji), yana cika rabin rajistar na ƙasa ne kawai, ya bar duk abin da ke rabin sama, wanda a yanayin 64 zai shiga cikin adireshin. Na taɓa shafe kwana biyu ina bin sawun irin wannan kuskure, ashe umarnin LLGT ya kamata in yi amfani da shi, domin yana share bit 33 na sama. Haka kuma wurin ajiyar rajista mai bayit 72 ba zai isa ba, sai mai 144.

Mai neman sani:
Na gode ƙwarai. To ta yaya zan sami ƙwaƙwalwar da ke sama da gigabayit 2?

Injiniya:
Ta hanyar IARV64, kiran neman ƙwaƙwalwa na z/OS, wanda yake ba da ita megabayit-megabayit. Amma ka fara duba MEMLIMIT na aikin, wato iyakar irin wannan ƙwaƙwalwa da aka yarje masa, domin idan an bar shi ƙarami, tsarin zai ƙi buƙatarka komai yawan ƙwaƙwalwar da ke cikin injin.