Lefe ya fi ƙarfina, kuma ba na son cin bashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a nan Zinder, an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Jika 600 na tara, wato sefa dubu 600. Iyayen yarinyar mutanen kirki ne, amma gwaggonninta sun aiko cewa a danginsu ba a kawo lefe ƙasa da akwati shida, da sarƙar zinariya da babbar waya. Abokai na cewa in ci bashin banki a kan albashina. Yaya zan yi ba tare da na zubar da mutuncin kowa ba?

Wani malami daga Birni: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara raba wajibi da al'ada. Aure yana ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu, da siga, wato furucin bayarwa da karɓa. Mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne, wato zinariya giram 1 da 'yan kai, tunda dinari giram 4.25 ne. Sadaki haƙƙin yarinya ne ita kaɗai, can ya kamata ka kyautata. Lefe kyauta ce. Walima kuwa, Annabi (SAW) ya umarci Abdurrahman ɗan Auf ya yi ta ko da da akuya guda. Bashi mai ruwa riba ne, kada ka kafa gida a kansa.

Wata Hajiya mai sayar da zannuwa a Kasuwar Dole: Ɗana, masu ganin lefe ba akwati kawai suke ƙirgawa ba, hannu suke sawa su taɓa zane. Akwati uku cike da kaya masu kyau sun fi shida da aka cusa wa tarkace. Turmi guda yadi 6 ne. Ka sayi atamfa turmi takwas zuwa goma, biyu su zama masu tsada don fita biki, sauran na zaman gida, sai shadda biyu, leshi ɗaya, mayafai, takalma da jaka, kayan shafa da turaren wuta. Kada ka jira goshin Sallah, lokacin kaya ke tashi, teloli kuma ba sa cika alkawari. Sannan don Allah ka guji aron zinariya ko zannuwa don a nuna a mayar. Ranar da amarya ta buɗe akwati ta nemi abin ta rasa, yarda ta tafi, kuma zancen sai ya zagaya dangi.

Wani dattijo daga Zango: Kada ka bi ta bakin yarinya, za ka sa ta tsakanin wuta biyu. Tura baffanka da wata gwaggonka mai iya magana su sami waliyyinta, su faɗi abin da za ka iya kafin a kai kaya. Su kuma tuna masa cewa babban lefe gidan amarya yake komawa: gwargwadon akwatunan da aka kawo, gwargwadon kayan ɗaki da garar da za a sa ran gani. Nan ne uwa ke sayar da awakinta ko ta cinye adashe tun kafin ta zuba. Yawancin iyaye maza sauƙin nan suke so, kunya ce ke hana su fara faɗa.

Wata 'yar'uwa: Duk da haka Malam, kada sauƙi ya zama rowa. Ka tambayi yarinyar kalar da take so da lambar takalminta. Kuma cikin jika 600 ɗin, ware kuɗin haya na wata uku da buhun hatsi da na shinkafa kafin ka taɓa sauran.