Gwamnatin Taliban ta faɗi cikin wata biyu, me ya sa yaƙin ya ci shekara ashirin?

Ɗan Kusseri:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan ranar 7 ga Oktoba 2001, bayan Taliban sun ƙi miƙa Usama bin Ladan. Kafin tsakiyar Disamba gwamnatinsu ta rushe. Amma 15 ga Agusta 2021 sai ga su sun dawo Kabul. A ina dabarar ta ɓaci? Kuma akwai abin da ya shafe mu a nan bakin tafkin Cadi, ko namu yaƙin daban ne?

Malam na Garwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Farkon yaƙin ya yi sauƙi ne domin gwamnati tana da adireshi. Tana da bariki, filin jirgi, rumbun makamai, da sojojin da suka haƙa ramuka a layi ɗaya suna jiran 'yan adawar arewa. Jirgin sama ba ya son abin da ya wuce wannan. Amurka ba ta ma kawo babbar runduna ba a lokacin. 'Yan ɗaruruwan jami'an leƙen asiri da sojoji na musamman ta tura, ƙungiya-ƙungiya ta mutum goma sha biyu, suka shiga cikin mayaƙan arewa, wasu ma a kan dawakai tare da mutanen Janar Dostum, ɗaya daga cikin madugan arewa. Aikinsu su hango ramin Taliban, su aika wa jirgi da wurin daidai, bam ya sauka, mayaƙan gida su kutsa. Mazari Sharif ta faɗi 9 ga Nuwamba, Kabul 13 ga wata, Kandahar 7 ga Disamba.

To wannan dabarar da ta ci birane ita ce ta gaza a Tora Bora, inda ainihin wanda ake nema yake. Duwatsu ne masu tsayin da ya haura mita 4,000, ga ƙanƙarar Disamba, iyakar Pakistan kuma tafiyar ƙafa ce daga can. Amurkawan da ke ƙasa ba su kai ɗari ba. Sauran aikin an bar wa mayaƙan Hazrat Ali da na Haji Zaman, madugan yaƙin yankin, waɗanda ba sa ga-maciji da juna. Watan azumi ne, da yamma ta yi sai su sauko shan ruwa, tudun da aka karɓe da rana a wayi gari ya koma hannun Alƙa'ida. Wajen 12 ga Disamba aka yi tsagaita wuta wai za su miƙa wuya, aka ba su sa'o'in da suke buƙata. Washegari aka kai hari majalisar dokokin Indiya, hankalin sojan Pakistan ya koma iyakar gabas. An buga daga gaba, ba wanda ya tsare ƙofar baya, alhali akwai sojan ruwan Amurka fiye da dubu a kudancin Kandahar. Sai 2 ga Mayu 2011 aka cim ma bin Ladan, a Abotabad, cikin Pakistan.

Baba na Injamena:

Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ina ganin ko da an kama shi a Tora Bora, ciwon yana nan. A duba taswira. Afganistan ba ta da teku. Kaso mai yawa na mai da abinci da kayan gyara sai an sauke su a Karachi ta Pakistan, manyan motoci su ɗauko su bi ta Torkham ko Chaman. Wato ƙasar da shugabannin Taliban suka fake a cikinta, a Kwetta, ita ce kuma riƙe da maƙogwaron rundunar da ke yaƙarsu. A Nuwamba 2011 jiragen ƙawance suka kashe sojan Pakistan 24 a bakin iyaka, Pakistan ta rufe hanya har Yuli 2012. Wanda kake ci a hannunsa ba ka iya murɗe masa hannu.

Sannan ga lissafin riƙe ƙasa. Ƙa'idar da sojan Amurka da kansu suka rubuta ita ce jami'in tsaro 20 ga kowane mutum dubu. Ƙasa mai mutum kusan miliyan 30 tana son dubu 600 ke nan. Sojan Amurka a ganiyarsu, 2010 zuwa 2011, wajen dubu 100 ne, kuma ranar da Obama ya sanar da ƙarin, a Disamba 2009, a ranar ya faɗi lokacin fara janyewa. Shekarun farko kuwa, da Taliban suke a warwatse, an kwashe hankali da kayan aiki an kai Iraƙi a 2003.

Sojan gida da aka gina ma an gina shi ne a kan jirgi da kayan da 'yan kwangilar waje ke gyarawa. A takarda dubu 300 ne, amma cike da sunayen bogi da manya ke karɓar albashinsu. Da 'yan kwangila suka tafi a 2021, sansanonin ƙauye suka rasa harsashi da abinci, dattawan gari suka riƙa shiga tsakani ana ajiye makami.

Yaya na Fotokol:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙanena mai tambaya, kada ka haɗa su gaba ɗaya. Boko Haram ba gwamnati ce ta ba su masauki ba, saboda haka babu fadar da za a kifar. Abin da ya yi kama shi ne iyaka, da kuma abin da ke biyo bayan nasara.

Ranar 3 ga Fabrairu 2015 sojan Cadi suka haye gadar El Beid suka shiga Gamboru. Da asubar washegari mayaƙan suka zagayo suka faɗa wa Fotokol, suka kashe mutane da dama, har cikin masallatai. Ƙarfi ya tafi gaba, baya ya zama fili. A Maris ɗin shekarar aka ƙwace Dikwa, sojan Cadi da na Nijar suka ƙwace Damasak, marigayi Idris Debi kuma ya fito fili yana ƙorafin cewa babu sojan Najeriya da suka zo karɓar garuruwan. Rundunar Cadi mai yaƙi a kan motocin Toyota ta iya bugu da sauri, tun yaƙin Fada da Wadi Dum a 1987 aka san ta da haka, amma ba a yi ta don zaman gadi ba. A ce motoci ɗari ne, kowace tana shan lita 20 a kilomita ɗari cikin yashi: tafiya da dawowar kilomita 300 lita 6,000 ce, ban da ruwan sha a zafin Afrilu. Damina ta sauka kuma, baƙar lakar nan tamu ta kama taya, mai babur da mai kwalekwale su ne sarakan hanya.

Tafkin ma haka. Bohoma, 23 ga Maris 2020, sojan Cadi kusan ɗari suka rasu a sansanin da ruwa ya kusa kewayewa, ɗauki bai iso da wuri ba. An mayar da martani mai zafi, aka share tsibiran ɓangaren Cadi, amma wanda aka kora ya tsallaka ɓangaren maƙwabci ne kawai. Rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Injamena don wannan aka kafa ta, da sassa a wurare irin su Mora, Baga Sola da Monguno. Amfaninta yana fitowa ne idan sassan suka motsa rana ɗaya, masu tare hanya sun riga masu bugu isa wurinsu.

Malam na Garwa:

Na ƙara abu ɗaya da ba na bindiga ba. A taron birnin Bon na Jamus, a Disamba 2001, aka raba mulki ba tare da Taliban ba, lokacin da suke a ƙasa kuma wasu manyansu ke neman a bar su su koma gida. Aka ƙi. A 29 ga Fabrairu 2020 Amurka ta sa hannu kan yarjejeniya da su a Doha, su ke da rinjaye, gwamnatin Kabul ba ta ma cikin masu sa hannu. Sun yi alkawarin ba za su bar Alƙa'ida ta yi amfani da ƙasarsu ba. A ƙarshen Yuli 2022 jirgi marar matuƙi ya kashe Zawahiri, shugaban Alƙa'ida, a wani gida a tsakiyar Kabul.

Ɗan Kusseri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya na Fotokol, in an ƙwace gari a wajenmu, me ya kamata ya fara biyo bayan soja?

Yaya na Fotokol:

Jandarma da za su kwana a garin, ba masu zuwa su koma ba. Sai a buɗe kasuwa da hanyar kifi da shanu, domin in an rufe su, matashin da ya rasa sana'a wajen masu biyansa zai nufa. 'Yan sintirin ƙauye kuma a ba su waya da lambar da in sun kira cikin dare za a ɗauka, a kuma ɓoye sunan wanda ya kawo labari, don su ake fara bi gida-gida idan soja ya janye.